Talla mai yaɗa kansa a intanet: mene ne shi, yaya yake aiki, ina haɗarinsa?

Duk mai riƙe da wayar salula a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya taɓa ganin irin wannan. Da safe wani ya turo maka ɗan bidiyon wani tela ko wata mai turaren wuta, kafin azahar ka sake ganinsa a gurup ɗin dangi, da dare kuma ya iso daga wani ɗan uwa da ke Agadas ko Kwatano. Mai kayan bai biya gidan rediyo ba, bai kafa allo bakin titi ba. Jama'a ne suka ɗauki tallan suka kai wa juna, kuma da kiredinsu. Wannan shi ne abin da ake kira marketing viral da faransanci, mu kuwa za mu ce masa talla mai yaɗa kansa.

Ma'anarsa

Talla mai yaɗa kansa dabara ce ta sanar da haja, sana'a ko shafin intanet, inda ake shirya saƙon ta yadda wanda ya gan shi zai ji yana son ya miƙa shi ga wani. An aro sunan ne daga ƙwayar cuta, saboda yadda take kama mutum ɗaya, shi kuma ya sa wa na kusa da shi. Bambancinsa da tallan da aka saba shi ne wanda ke ɗaukar nauyin isar da saƙon. A tallan rediyo ko talabijin, mai kaya ke biyan kuɗi, kuma ranar da kuɗin suka ƙare tallan ya tsaya. A nan kuwa masu saye da masu kallo su ne ƴan aike.

Asalin abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan waya, dillaliya na shiga gida-gida da kaya, sanƙira na shela, kuma amaryar da ɗinkinta ya yi kyau ranar buki ta gama yi wa telanta talla, domin mata goma za su tambaye ta wa ya ɗinka. Abin da intanet ya ƙara shi ne sauri da nisa. Labarin da a da sai ya yi mako kafin ya ƙetare unguwa, yanzu cikin awa guda ya ƙetare iyakar ƙasa.

Inda aka faro

Misalin da masana suka fi kafa hujja da shi shi ne na Hotmail, kamfanin wasiƙun intanet na kyauta da Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe a Amurka ranar 4 ga Yuli 1996. Bisa shawarar Tim Draper, ɗaya daga cikin waɗanda suka zuba jari a kamfanin, an riƙa liƙa ɗan layi a ƙasan kowace wasiƙa da ke fita, mai gayyatar wanda ya karɓa shi ma ya buɗe akwatinsa kyauta. Ke nan duk wanda ya rubuta wa abokinsa wasiƙa ya yi wa kamfanin talla ba tare da ya yi niyya ba. Cikin kimanin wata 18 masu amfani da Hotmail suka kai miliyon 12, kuma a ƙarshen 1997 Microsoft ya saye shi a kan kusan dalar Amurka miliyon 400. A wannan tsakanin ne sunan ya bazu: Jeffrey Rayport ya yi rubutu a kansa a mujallar Fast Company a 1996, sannan Draper da abokin aikinsa Steve Jurvetson suka yayata shi a 1997.

Daga baya wasu suka ƙara wa dabarar lada. Kamfanin PayPal, a farkon kafuwarsa, ya riƙa ba da kuɗi ga wanda ya yi rajista da kuma wanda ya kawo shi. Dropbox, mai ajiye wa mutane takardu da hotuna a intanet, ya riƙa ba mai gayyata da wanda aka gayyata ƙarin wurin ajiya kyauta, kuma masu amfani da shi suka tashi daga 100,000 zuwa miliyon 4 cikin wata 15, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2010.

Zuwan YouTube da Facebook ya mayar da ƙarfin abin ga bidiyo. A watan Maris 2012 wani ƙaramin kamfanin reza mai suna Dollar Shave Club ya saki bidiyon barkwanci da bai ci fiye da dalar Amurka 4,500 ba. Cikin kwana biyu ya samu odar mutum 12,000, har shafinsa ya kasa ɗaukar cunkoson masu shiga. A 2016 Unilever ya saye kamfanin a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dalar Amurka miliyar 1. A 2014 kuma aka yi gasar kwara wa kai bokitin ruwan ƙanƙara, inda duk wanda ya yi sai ya ambaci sunayen wasu ya ƙalubalance su. Da wannan wasa ƙungiyar da ke yaƙi da cutar Charcot a Amurka ta tara dala miliyon 115.

Lissafin da ke ƙarƙashinsa

Ana auna yaɗuwar saƙo da lissafi mai sauƙi: mutum nawa kowane mai turawa ke aika wa, kuma kashi nawa daga cikinsu ke sake turawa. Idan aka ninka waɗannan biyun, sai a samu adadin sababbin masu turawa da kowane mutum ɗaya ke haifarwa.

A ɗauka mutum 100 sun tura bidiyon wata mai sayar da atamfa, kowanensu ga mutum 5. Ya isa ga mutum 500 ke nan. Idan ɗaya cikin goma ne kawai ya sake turawa, an samu mutum 50 a zagaye na gaba, sai 25, sai 12, har abin ya mutu. Jimillar masu turawa ba za ta wuce 200 ba. Amma idan uku cikin goma suka tura, 100 za su haifi 150, su kuma 225, kuma a zagaye na goma kaɗai za a samu sama da mutum 5,700. Iyakar tana kan lamba 1: idan kowane mai turawa na haifar da fiye da mutum ɗaya, saƙon na girma, idan bai kai ɗaya ba, yana kan hanyar mutuwa.

Sai dai a san cewa irin wannan girma ba ya dawwama, domin mutanen da ba su ga saƙon ba suna ƙarewa, ana ta turo wa mutum abin da ya riga ya gani. Bugu da ƙari, binciken da Sharad Goel, Duncan Watts da Daniel Goldstein suka wallafa a 2012 ya nuna cewa mafi yawan abubuwan da ake sakawa a intanet ba sa wuce hannu na farko. Waɗanda ke tashi kamar wutar daji ƴan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka ɗan kasuwa mai hankali ba ya jingina cinikinsa ga sa'ar bidiyo guda. Ko yaɗuwar da ba ta kai lamba 1 ba riba ce: a misalin farko, mutum 100 sun zama 200 ba tare da an ƙara ko dala ba.

Me ke sa mutum ya tura?

Ba wanda ke tura saƙo don ya taimaki mai kaya, sai ɗan uwa ko aboki na kusa. Sauran jama'a na turawa ne don abin da su za su samu. Jonah Berger da Katherine Milkman, malamai a jami'ar Pennsylvania, sun bi diddigin labarai kusan 7,000 na jaridar New York Times, suka wallafa sakamakon a 2012. Sun gano cewa labaran da ke tayar da zuciya, kamar masu sa al'ajabi, fushi ko fargaba, sun fi yawo, yayin da masu sa baƙin ciki da sanyin jiki ba su cika tafiya ba. Labarai masu amfani a rayuwar yau da kullum su ma suna cikin waɗanda aka fi turawa.

Idan aka kawo wannan kasuwarmu, dalilan ba su wuce huɗu ba. Na farko amfani: mai gyaran waya da ya nuna cikin minti ɗaya yadda ake bambance caja ta ƙwarai da jabu ya ba mutane abin da za su tura wa danginsu. Na biyu dariya, kuma al'adarmu na da taska a nan, wato wasan taubasai da barkwancin da ke tsakanin ƙabilu, muddin ba a ƙetare iyaka zuwa cin mutunci ba. Na uku mamakin gwaninta: hannun mahauci yana shimfiɗa naman kilishi har ya zama kamar takarda, ko baduku yana ɗinka takalmi da fatar jar akuyar Maraɗi, abin kallo ne ko ga wanda ba shi da niyyar saye. Na huɗu alfahari da gida: ɗan Galmi da ke zaune a waje zai tura bidiyon albasar garinsu don a san daga inda ya fito.

Ba lallai ne a yi dogon bayani ba. Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya girma a Italiya, ya fara saka bidiyo a TikTok bayan ya rasa aikinsa na masana'anta a 2020, kuma a watan Yuni 2022 ya zama wanda ya fi kowa mabiya a dandalin, alhali a mafi yawan bidiyonsa ba ya furta kalma. A ƙasar da ake magana da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, kuma da yawa ba sa karanta rubutun boko, hoton da ke bayyana kansa ya fi dogon rubutu tafiya.

Hanyoyin da ake bi

A Nijar WhatsApp ne babbar kasuwar wannan talla, don haka ya kamata a san ƙa'idojinsa. Sitatu, wato hoto ko bidiyon da ke tsayawa awa 24, ba ya isa sai ga waɗanda kai da su kuka ajiye lambar juna. Jerin aikawa ga mutane da yawa a lokaci guda na ɗaukar lamba 256, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai karɓa ba. Gurup na iya ɗaukar mutum 1,024. Tun Janairu 2019 ba a iya tura saƙo zuwa fiye da wuri biyar a bugu ɗaya, kuma tun Afrilu 2020 saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa sai wuri ɗaya-ɗaya ake tura shi. An kafa waɗannan shingaye ne don rage ji-ta-ji-ta, amma sun shafi ƴan kasuwa ma. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, na ba da damar jera kaya da farashinsu da shirya amsar da ke fita da kanta.

TikTok ya bambanta da sauran, domin yana nuna bidiyo ga mutanen da ba su san mai shi ba. Idan ƴan kallon farko suka tsaya har ƙarshe, ko suka sake kallo, ko suka tura, sai dandalin ya ƙara nuna shi ga wasu. Shi ya sa sabon shiga ke iya samun dubban masu kallo. Facebook kuwa ƙarfinsa na cikin gurup-gurup na saye da sayarwa da kuma ƴan ƙasa mazauna waje, waɗanda sukan yi wa iyalinsu sayayya daga nesa.

Akwai kuma masu yawan mabiya, mawaƙa, ƴan wasan kwaikwayo da ƴan barkwanci, da ake biya su nuna kaya. Wannan talla ne na kuɗi, amma yakan zama ashanar da ke kunna wutar. Kafin a biya, a duba ko mabiyan mutumin suna inda kayan za su iya zuwa. Mai sayar da abincin da ke lalacewa a Tawa ba shi da wata riba da masu kallo a Kano ko Jidda.

Ga mai shafin intanet, ko adireshinsa na ƙarewa da .ne ko da .com, sharuɗɗan su ne shafin ya zama marar nauyi, ya buɗe da sauri ko rezo ya yi rauni, kowane labari ko kaya ya kasance da maɓallin turawa ta WhatsApp, kuma idan an tura adireshin ya fito da hoto da kanun da ke jan ido. Mai forfen rana ɗaya ba zai jira shafin da ke shanye masa kuɗi ba.

Shirin da ake yi kafin a saki saƙo

Abu na farko shi ne kayan kansu. Talla na kawo mai saye sau ɗaya, ingancin kaya ke maido shi. Na biyu, lambar waya da sunan shago su kasance a jikin bidiyon ko hoton, domin rubutun da ke rakiyar saƙo yakan ɓace a hanya. Bidiyoyi da yawa sun yi yawo ba tare da an san mai su ba. Na uku, a taƙaita: daƙiƙun farko ne ke yanke hukuncin ko za a ci gaba da kallo. Na huɗu, a zaɓi lokaci, kamar goshin salla, komawar ƴan makaranta a watan Oktoba, lokacin bukukuwa bayan kaka, ko makon kokowar takobin ƙasa da hankalin kowa ke kan fili ɗaya.

Sannan a tanadi hanyar biya da ta isar da kaya. Masu saye daga nesa na turo kuɗi ta Nita, Amana, Al Izza ko ta asusun waya irin su Airtel Money, kaya kuma na tafiya ta motocin kamfanonin sufuri ko da kabu-kabu cikin gari. Duk wanda bai shirya wannan ba, ranar da sa'a ta zo masa ita ce ranar da zai ɓata da mutane, domin oda ɗari ga telan da ke iya ɗinka goma a mako masifa ce.

Idan za a ba da lada ga wanda ya kawo sabon mai saye, a yi lissafi tukuna. Misali, idan ribar turmin atamfa jika biyu ce, aka rage wa mai gayyata sefa 500, aka rage wa baƙon sefa 500, saura jika ɗaya. Wannan na da ma'ana ne kawai idan baƙon zai dawo ya sake saye. A kuma riƙa tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labari, a rubuta a littafi. Yawan masu kallo ba shi ne ciniki ba. Bidiyon da mutum 300 suka kalla, 20 suka saya, ya fi wanda 30,000 suka kalla ba wanda ya kira.

Haɗarin da ke ciki

Magana zarar bunu ce. Saƙon da ya fita ba ya dawowa, kuma mai shi ba shi da iko da yadda za a fassara shi. A watan Afrilu 2017 Pepsi ya janye tallan da ya yi da Kendall Jenner kwana ɗaya bayan fitarsa, ya nemi afuwa, saboda jama'a sun ga ya yi wasa da zanga-zangar neman haƙƙi. Idan babban kamfani mai ƙwararrun ma'aikata ya yi irin wannan tuntuɓe, ƙaramin ɗan kasuwa ya fi buƙatar ya nuna wa mutum biyu ko uku masu hankali saƙonsa kafin ya sake shi, musamman idan ya taɓa addini, ƙabila, mata ko siyasa.

Hanyar da yabo ke bi ita ce kuma ƙorafi ke bi, har ya fi sauri, tunda fushi na cikin abubuwan da ke sa a tura. Hoton kayan da aka nuna daban, wanda aka aiko daban, ya isa ya rushe sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Masu zamba ma da wannan dabarar suke aiki. Saƙonnin da ke cewa wani kamfanin waya ko wata ƙungiya na raba forfe ko kuɗi kyauta, amma sai ka tura wa gurup biyar tukuna, tarko ne na satar lambobi da bayanan sirri. Haka tsare-tsaren da ke alkawarin ninka kuɗi idan ka kawo wasu: ribar na fitowa ne daga kuɗin sababbin shiga, kuma ranar da suka daina zuwa komai ya rushe. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana wannan a watan Disamba 2016, lokacin da MMM ya rufe asusun masu zuba kuɗi. Ma'aunin a nan mai sauƙi ne: a tallan gaskiya akwai kaya ko aikin da ake sayarwa, kuma lada daga ribar cinikin take fitowa.

Abin da doka ta tanada

Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda ke hukunta laifukan intanet a Nijar, ta shafi zamba, ɓata suna, zagi da watsa bayanan da ke iya tada hankalin jama'a ta hanyar na'ura. An sassauta ta a 2022, sannan a watan Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Ke nan wanda ya nemi suna ta hanyar kushe abokin sana'arsa da ƙarya, ko ya ƙirƙiro labarin tsoro don a kalli shafinsa, na iya tsintar kansa gaban alƙali.

Lambar waya da hoton mutum kuma bayanansa ne na kansa, waɗanda dokar kare bayanan jama'a ta 2017, da aka sabunta a 2022, ke karewa, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Saka hoton mai saye cikin talla ba da izininsa ba, ko zuba lambobin mutane cikin gurup ba tare da an tambaye su ba, abu ne da ke jawo matsala, ban da zubar da mutunci da yake yi wa mai shago. A nemi izini, musamman idan hoton mace ne ko na yaro. A kan magani kuwa a yi taka-tsantsan ninki biyu, domin alkawarin warkar da kowace cuta na iya sa marar lafiya ya bar zuwa likita.

Ga wanda zai fara, ba a buƙatar jari mai yawa: waya mai ɗaukar hoto mai kyau, hasken safiya, kaya na gaskiya, da mutum talatin ko hamsin da suka taɓa saye suka ji daɗi. Su ne za a fara roƙo su tura. Idan saƙo na farko bai tafi ba, a duba littafin, a gyara, a sake gwadawa mako mai zuwa.